Yawon da Sarsenbai Ya Kai Baƙonsa

Duk wanda ya san garin Turkistan ya san Sarsenbai, wanda kuwa bai san shi ba bai daɗe a garin ba. Shi ne mutumin da ramin dalma na Kentau ya rufta da shi, aka haƙa aka haƙa aka gaji, dattawa suka je suka shaida wa matarsa ta shiga takaba, ana cikin koke-koke sai ga shi ya shigo da ƙafarsa yana tambayar wa ya mutu. Sanyin Sabiriya bai kashe shi ba lokacin da yake soja. Yunwar da aka sha bayan rushewar tsohuwar gwamnati ba ta kashe shi ba. Likitoci sun yanka cikinsa sun ɗinke, yau wasunsu suna ƙarƙashin ƙasa, shi yana bisa yana shan shayi. Karatunsa bai wuce sa hannu a takarda ba, amma in aka yi rasuwa a unguwa aka rasa mai kai labari, ƙofarsa ake bugawa. Domin a nan ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse. Sai an tara dattawa, an zaunar da shi cikin mutane, an ga ya sa wani abu a cikinsa, sannan mai baki ya buɗe baki. Sarsenbai kuwa mai baki ne.

Ran wata Lahadi, ya idar da sallar asuba ke nan, sai wayarsa ta yi ƙara. Murya ce daga nesa, da Rashanci irin na wanda ya daɗe bai taɓa shi ba. Dokta Mazhar ne, baffan Tanwir, ɗalibin likitanci ɗan Pakistan da ke zaune a ɗakin bayan gidan Sarsenbai shekara ta uku ke nan. Doktan ya yi karatu a Tashkent yana saurayi, shi ya sa suke jin juna.

"Wana ya rasu," in ji shi. "Uban Tanwir. Zuciya ce. Bayan azahar za a kai shi, ko yanzu yaron ya hau jirgi ba zai iso ba. Uwarsa ta ce kada a gaya masa ta waya yana shi kaɗai a ɗaki a ƙasar mutane. Na duba na rasa wanda zan kira sai kai."

"Ka kira inda ya dace."

"Amma dangi da yawa, kowane yaro da waya a hannu. Ba zan iya riƙe su duka ba. Kafin rana ta ɗaga wani zai rubuta masa."

"Ya rubuta," in ji Sarsenbai. "Ba za a karanta ba."

Ya tarar da matarsa Balkiya tana hura wutar shayi, ya gaya mata a tsaye. Ta zauna a kan kujera ta rufe baki da gefen ɗankwalinta. Sannan ta ce, "To me kake jira, tsoho? Je ka tashe shi."

"Da sassafe, cikinsa babu komai, ba kowa sai tsofaffi biyu? Kaza ce ta mutu? Ubansa ne fa. Za a yi masa yadda ake yi wa ɗan kowa a unguwar nan. Ki sa maƙwabta su kayar da ragon nan, ki kira dattawa. Yaushe za ki gama?"

"Ba kafin la'asar ba."

"To har la'asar yaron yana hannuna."

Wayar Tanwir tana kan tagar baranda inda yake sa ta caji, domin wutar ɗakinsa ta daɗe da lalacewa. Suna kallonta ta haska, ta mutu, ta sake haskawa. Balkiya ta zare ta, ta naɗe a tsumma, ta cusa can ƙasan buhun fulawa.

Sarsenbai ya je ya daki ƙofar ɗakin baya da tafin hannu. Tanwir ya fito yana laluben tabarau, dogo, siriri, gashi a tsaye.

"Sa takalmi. Yau za ka ga ƙasa."

"Ata, ina da karatu," in ji shi, yadda yaran garin ke kiran dattijo.

"Karatu, karatu. Shekara uku kana garinmu, ba ka san ko'ina ba sai hanyar makaranta da hanyar kasuwa. In ka koma gida ubanka ya tambaye ka me ka gani..." Ya yi tari, ya zagi sanyin safiya. "Sa takalmi na ce."

Tanwir ya sha shayi a tsaye, ya duba taga, ya duba ƙarƙashin tebur. Ya ce wa Balkiya, "Apa, ba ki ga wayata ba?"

"Ni ce mai gadin wayarka?" in ji Balkiya, ba ta juyo daga murhu ba.

"Yau Lahadi. Ina kiran Abbu bayan azahar." Haka yake kiran mahaifinsa.

"Inda za mu babu ma sabis," in ji Sarsenbai. "Mota ta yi zafi, man fetur na ƙonewa. Wuce mu tafi."

A bakin masallaci suka ɗauki Orinbasar, ladanin unguwa, tsaran Sarsenbai tun suna yawo ba wando. Balkiya ta riga ta aika masa, ya san komai. Kuskuren da aka yi ke nan, domin Orinbasar mutum ne da ko ɗan akuya aka yanka sai idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga gaba, ya waiwayo ya dubi Tanwir, sai ga hankici ya fito.

"Me ya samu idonka, Orinbasar-ata?"

"Tsufa," in ji Sarsenbai kafin ya amsa. "Ya zama tsohon famfo, ko an ɗaure sai ya ɗiga. Kai da kake likita ka nema masa roba."

"Shekararmu ɗaya, kai ɓeran rami."

"Shekara ɗaya, ƙarfe daban. Ni dutse ya faɗo mini a ka, dutsen ne ya fashe."

"Shi ya sa har yau babu abin da ke shiga kan."

Tanwir yana ta dariya a baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Tsohuwar motar, ƙirar Niba, tana ta kuka tana cin hanya. Ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba, daji ya yi kore, jajayen furanni sun bazu har inda ido ya tsaya, raƙuma masu tozo biyu suna tsaye a bakin titi gashin sanyi na zuba daga jikinsu kamar tsohon bargo. Sarsenbai ya yi ta zuba. Ya ba da labarin kerkecin da ya kora da cebur, da injiniyan da ya zo daga Mosko ya ce ba a taɓa ganin huhu irin nasa ba. Duk lokacin da Orinbasar ya ja hanci sai ya ƙara murya.

Da hantsi suka isa kufan tsohon birnin Otirar. Tudu ne babba, da ragowar ganuwa da ƙofar gari da aka sake ginawa, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Sarsenbai ya shiga gaba, hannu a baya, kamar gidan ubansa.

"Nan kakannina suka tsaya suka tare rundunar Mongol. Nan daidai, inda ƙafata take."

"Kakanninka suna can bayan dutse suna kiwon awakin wasu," in ji Orinbasar.

"Awakin kakanninka, da suka gudu suka bari."

Tanwir ba ya ma jin su. Ya tsuguna a gindin wani tsohon bango yana shafa tubali da yatsa. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya kara kunne, ya yi murmushi.

"Haka Abbu yake yi. Magini ne ai. Ko gidan biki aka je, mutane na kallon amarya, shi yana kallon bango. Da yana nan da sai dare mu bar wurin nan." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "In na gama zan kawo shi bikin yaye mu. Bai taɓa hawa jirgi ba, ya ce sai dai a ɗaure shi. Ata, za ka kawo shi nan? A motar nan?"

Orinbasar ya juya ya bi bayan ganuwa da sauri kamar fitsari ya matse shi.

Sarsenbai ya kai labarin mutuwa gidaje da yawa, amma kullum daga ƙofa yake zuwa, ya faɗa, ya zauna kaɗan, ya tashi. Bai taɓa yini da wanda zai gaya wa ba, yana kallon haƙoransa suna dariya. Ya dubi motar can ƙasan tudu.

"Motar nan ta ɗauki manyan mutane," ya ce. "Zo ka ga inda suke toya tukwane."

Akwai labari ɗaya da Sarsenbai ba ya bayarwa a wurin shayi. Yana soja, ana layin safe cikin ƙanƙara, wani hafsa ya kira sunansa, ya karanta masa daga 'yar takardar wayar tangaraho cewa ubansa ya mutu, ya naɗe ta ya ce a koma layi. Babu wanda ke jin yarensa a barikin nan. Ya ci abincin rana a ranar, abin da bai taɓa yafe wa cikinsa ba, sannan ya shiga bayan ɗakin ajiye gawayi ya yi kuka a tsaye don kada wandonsa ya jiƙe. Rami ya rufta da shi daga baya, amma in ya yi mafarkin tsoro ba ramin yake gani ba. Wannan yaron mai tabarau ba za a yi masa haka ba, ko da za a yini ana ƙarya.

Azahar ta same su a hubbaren Aristan Bab, ba nisa daga kufan. Masu ziyara sun cika fili, motoci daga ko'ina. Suka yi alwala suka bi jam'i, Tanwir a tsakaninsu. Da aka sallame Sarsenbai ya ɗaga hannu ya ƙi saukewa. Ya san a daidai wannan lokaci, a wani gari mai zafi da bai taɓa gani ba, an jera sahu a gaban makara. Bai san sunan mutumin ba sai Abbu, to da Abbu ɗin ya roƙa masa, Allah ai ya san wanda ake nufi.

"Ata, yau addu'arka ta yi tsawo," in ji Tanwir da suka fito.

"Zunubin Orinbasar nake roƙa wa gafara. Ban ma kai rabi ba."

Suka bi layin masu shan ruwan rijiyar hubbaren. Tanwir ya ja guga da kansa, ya kurɓa, fuskarsa ta tattare saboda gishiri, mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Wata dattijuwa mai haƙoran zinariya, wadda ta zo da iyalinta daga Kizilorda, ta kama hannun rigarsa.

"Wannan baƙin kyakkyawan na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Sarsenbai. "Likita ne. Ni na koya masa yarenmu, yanzu ya fi jikokinki iyawa."

"To ku zo ku zauna, ba a wuce shimfiɗa."

Sun baza ledar cin abinci a inuwar motarsu, ga gurasa, ga dafaffen nama mai sanyi, ga nonon raƙumi a jarka. Aka matsa wa baƙo ya zauna a sama. Aka cika masa kwano, ya shanye, aka sake cikawa. Suka tambaye shi ko gaskiya ne a ƙasarsu barkono ake ci da cokali, ko akwai dawakai, ko ya taɓa ganin ƙanƙara kafin ya zo. Ya ba su labarin shekararsa ta farko, yadda ya fita da silifa cikin sanyi ya dawo ba ya jin yatsunsa, Apa ta zaunar da shi ta murza masa ƙafa da kitsen rago tana zaginsa. Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta nuna wata budurwa da ke zuba shayi kai a sunkuye.

"Ga jikata, malamar asibiti ce. Ka yi aure?"

"Tukuna, Apa."

"To me kake jira, sai ka yi furfura irin waɗannan? Iyayenka suna da rai?"

"Alhamdu lillahi, dukansu biyu."

"Madalla. Allah ya ja kwanansu, su ga ranar aurenka."

Kowa ya shafa. Sarsenbai ya cusa gurasa a baki ya yi ta tauna. Orinbasar kuwa kwanon ya kife a fuskarsa, ya daɗe bai sauke ba, alhali babu komai a ciki.

Da suka koma mota Tanwir ya kwanta a baya, nonon raƙumi ya sauko masa, barci ya ɗauke shi. Orinbasar ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba zan iya ba, Sarsenbai. Tsaya a gefen hanya mu gaya masa."

"A gefen hanya, kamar tayar mota ta fashe?"

"Kana ji ana yi wa mamaci addu'ar tsawon rai."

"Na ji. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ba biyu ba. Rufe bakinka ka buɗe taga."

Sun shigo gari da sauran lokaci, Balkiya kuwa in ta ce la'asar to la'asar take nufi. Sai Sarsenbai ya karkata zuwa babban hubbare mai shuɗiyar ƙubba, ya ce ba a zuwa wancan a bar wannan. Suka shiga zauren da ƙatuwar tukunyar tagulla take, wadda mutum zai tsaya a gindinta ya ɗaga kai. Sarsenbai yana cikin bayanin yadda ya taɓa taimakawa aka matsar da ita, sai ya hango wani saurayi can wajen ƙofa, ɗan ƙasar su Tanwir, ɗaya daga cikin waɗanda kan zo gidan cin shinkafa. Yaron ya tsaya cak, waya a hannunsa. Ya dubi Tanwir, fuskarsa ta sauya, ya taho hannu biyu a buɗe.

Mutumin da ya tsere wa rufin rami ba ya tsayawa tunani. Kafin saurayin ya yi taku uku Sarsenbai ya isa gare shi, ya rungume shi kamar ɗansa da ya dawo daga soja, ya juya da shi, ya fitar da shi waje yana ta gaisuwa da ƙarfi. A bayan ƙofa ya matse masa hannu har sai da ya ji ƙashi.

"Bai sani ba. Ka ji? Bai sani ba tukuna."

"Amma Ata, kowa ya gani, tun safe muke nemansa..."

"Ka tara 'yan uwanku ku zo gidana bayan la'asar. Ku tsaya a waje sai an kira ku. In ka leƙo cikin zauren nan yanzu, a tukunyar can zan dafa ka."

Ya koma ciki yana haki. Tanwir ya ce, "Ba abokina ba ne na gani?"

"Shi ne. Sauri yake, zawo ya kama shi. Ku da barkononku."

Tanwir ya yi dariya, amma ba ta kai ta ɗazu ba. A hanyar gida bai yi magana ba sai sau ɗaya, ya ce ya kamata ya nemo wayar nan, Abbu zai yi ta jira.

Tun daga bakin layi ake jin ƙamshin mai da nama. Takalma sun cika ƙofar babban ɗaki.

"Biki ake yi?"

"Wanda ya dawo daga ziyara sai an yi masa sadaka. Wanke hannu."

Dattawan unguwa suna zaune kewaye da gajeren tebur, kowa da hularsa. Suka amsa sallama, suka matsa, aka wuce da Tanwir can sama nesa da ƙofa, kusa da mai gida, inda bai taɓa zama ba. Balkiya ta miƙo shayi da soyayyar fulawa mai zafi. Aka tambaye shi abin da ya gani, ya faɗa, aka gyaɗa kai. Sarsenbai bai bar shi ba sai da ya ga ya ci, ya sha romo, ya ƙara. Sannan aka shigo da babban faranti na nama, aka ajiye kan ragon a gaban mai gida a akushinsa daban, da wuƙa a gefe.

Sarsenbai ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara kamar yadda ya saba. Ya ce duniya masauki ce, babu wanda ya zo da niyyar zama. Ya ce annabawa sun tafi, sarakunan da suka gina ganuwar da aka gani yau sun tafi. Daga nan kalma ɗaya ta rage, ya sha faɗinta a ɗakuna irin wannan ba tare da muryarsa ta girgiza ba. Ya dubi yaron, yaron yana kallonsa da ladabi, da ɗan maiƙo a gefen baki. Sai ya ji kansa yana cewa shi ma da rami ya rufta da shi, ya ga mutuwa ido da ido. Ya shiga labarin ramin. Ya kai inda fitilarsa ta mutu, ya dawo kan annabawa, ya sake komawa ramin. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Balkiya tana tsaye a bakin ƙofa tana murɗa gefen rigarta.

Bakin da garin nan kaf ke ji da shi ya ƙi. Sarsenbai ya dubi kan ragon. Ya sa hannu biyu ya ɗauki akushin, ya ajiye a gaban Tanwir, ya juya masa ƙotar wuƙar.

Tanwir ya yi murmushi, ya ja hannunsa baya. Ya ci bukukuwa da yawa a garin nan, ya san abin da kowane yaro ya sani, cewa mai uba a raye ba ya riƙe kan rago.

"Ata, ka manta ne? Ai ni Abbu yana..."

Babu wanda ya yi dariya. Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa na kan tebur. Ya dubi Orinbasar, wanda ya daina ɓoye hankicinsa. Ya dubi Balkiya. Murmushin ya daɗe a fuskarsa bayan ya gama aiki, kamar an manta ba a ɗauke shi ba.

Sarsenbai ya ga bai kamata akushi ya yi masa aikinsa ba. Ya kama hannun yaron da nasa biyu.

"Ɗana, mahaifinka ya rasu. Yau da asuba baffanka ya kira ni. Zuciya ce, bai sha wuya ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ka yi haƙuri."

Orinbasar ya fara karatun Alƙur'ani. Tanwir bai motsa ba har aka shafa. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Tun asuba."

"Tun asuba."

"An kai shi?"

"Bayan azahar."

"Muna shan nono." Ya zare hannunsa. "Ata, da sun nuna mini fuskarsa ta waya. Ko sau ɗaya. Da na gan shi kafin su rufe."

Wannan bai taɓa zuwa kan Sarsenbai ba. A saninsa wanda ke nesa ya yi nisa ke nan, ba ya ganin komai, abin da ya rage kawai shi ne yadda za a gaya masa. Ya buɗe baki ya nemi abin faɗa, a cikin duk labaransa babu wanda ya dace.

"Ban san ana haka ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Balkiya ta zo ta durƙusa ta ajiye wayar a gabansa, da sauran fulawa a jikinta. Tanwir ya ɗauka ya tashi, aka buɗe masa hanya, ya fita tsakar gida. Can sai aka ji muryarsa da wani yare, sannan aka ji abin da ba ya bukatar yare. Abokansa da ke jira a waje suka shigo suka kewaye shi. Matan maƙwabta suka fito daga ɗakin girki suna share ido, suka tsaya daga gefe.

Sarsenbai ya zauna inda yake. Nama ya huce a faranti. Wani dattijo ya ce an yi yadda ya kamata, wani ya ce haka ne. Shi Sarsenbai ƙofa kawai yake kallo. Yaron zai iya shiga ɗakin baya ya rufe, zai iya bin abokansa ya kwana can, gobe ya aiko a kwashe masa kaya, kuma babu wanda zai ce ya yi laifi.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin inuwa ta tare ƙofar. Tanwir ne, babu tabarau, idanu sun kumbura. Ya ratsa dattawan, bai koma mazauninsa ba, ya durƙusa a gaban Sarsenbai ya miƙa masa wayar.

"Ammi ce, mahaifiyata. Ta ce tana son magana da kai."

"Ba na jin yarenta."

"Na gaya mata. Ta ce a ba ka."

Ya kara a kunnensa mai ji. Muryar mace ce, ta dushe, tana magana tana tsayawa tana ci gaba. Bai tsinci ko kalma ɗaya ba sai sunan yaron da sunan Allah. Ya bari ta gama. Sannan ya amsa mata da nasa yaren, da ƙarfi, yadda yake yi in waya ta yi nisa.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ya ci abinci. Ɗaki cike yake da mutane, wasu ma suna waje. Ba shi kaɗai ba ne."

Ta sake cewa wani abu, ya ce to, to. Ya mayar da wayar. Tanwir ya karɓa, ya zauna nan inda yake, kafaɗarsa na taɓa ta tsohon, bai dube shi ba, bai kuma matsa ba. Dattawa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuya ya riƙe hannunsa ya yi masa gaisuwa, bayansu maƙwabta, layin ya miƙe har tsakar gida.